Bututun hayaƙi a gidajen Turai: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka hura wuta

Wanda ya taɓa ratsa tsofaffin unguwannin Landan ko Manchester zai tuna da tukwanen jan yumɓu da ke jere a kan rufin gidaje. Kowace tukunya bakin bututu ce, wanda ya taso daga wani murhu a cikin ɗaki. Yawancin gidajen sun daɗe da komawa ɗumama ɗaki da gas, amma tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, mutane da yawa suka buɗe murahun da aka daɗe da mantawa da su. Irin waɗannan gidaje ne 'yan uwanmu masu karatu da masu aiki suke kamawa haya. Mutum ya ga murhu a falo, sanyi ya matsa masa, sai ya sayo itace ya hura. Wutar da yake gani a gabansa yana iya lura da ita. Abin da ke cikin bututun, daga saman murhu zuwa rufi, shi ne ba ya gani, kuma can hatsarin yake.

Yadda bututu yake jan hayaƙi

Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka sama take yi. Idan wuta ta ɗumama iskar da ke cikin bututu, sai ta tashi, ta janyo wata daga cikin ɗaki ta bi ta kan wutar. Abu biyu wannan aiki yake bukata: hanya a buɗe a sama, da iska mai shigowa a ƙasa. Gidan da aka toshe kowace kafa saboda sanyi, ko ake kunna fankar zuƙe tururi a kicin, yana iya sa hayaƙi ya juyo ya dawo ɗaki ko da bututun tsaf yake.

Kunkunniya da kwalta

Duk wanda ya girma a gidan da ake girki da itace ya san baƙar kunkunniyar da ke manne a rufin madafa. Ita ce ke taruwa a bututu, sai dai a nan a matse take, ba mai ganin ta balle ya kaɗe.

Itace ba ya ƙonewa gaba ɗaya. Hayaƙinsa yana ɗauke da tururin ruwa, da ɓurɓushin gawayi, da wani maiƙo da bai ci wuta ba. Da ya haura ya tarar da bango mai sanyi, sai maiƙon ya daskare ya manne. Da fari gari ne mai laushi, burushi na taɓa shi zai zube. Idan aka bar shi, sai ya zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras, wanda sai an kankare. Mataki na uku shi ne mafi muni: ya koma kwalta mai sheƙi da tauri, burushi ya bi ta kanta ya wuce ba ta motsa ba. A nan sai an sa magani na musamman ko injin kankara, wani lokaci ma sai an sauya rufin cikin bututun ɗungurum.

Wannan kwalta makamashi ce. Ranar da aka hura babbar wuta, ko aka jefa kwali da takardu harshen wuta ya miƙe, tana iya kamawa, zafinta kuma yakan kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas ko fiye. Zafi irin wannan yana tsaga bulo, yana fasa rufin yumɓu na ciki, daga nan wuta ta sami hanya zuwa katakon da ke riƙe da rufin gida. Masu sana'ar sharar bututu a Amurka suna da ma'auni mai sauƙi: kaurin abin da ya taru ya kai milimita 3, lokacin shara ya yi.

Akwai kuma tsuntsaye. A Birtaniya wani ɗan ƙaramin hankaka yana son yin sheƙa a bututu, yakan yi ta jefa ƙirare har su cika wurin. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a rushe sheƙar da ake cikin amfani da ita, don haka wanda ya tarar da ita a watan Afrilu sai ya haƙura har 'ya'yan su tashi. Ragar ƙarfe a bakin tukunya tana raba ka da wannan matsala tun farko.

Sau nawa ake shara, kuma wa ke yin ta

Shawarar da aka saba bayarwa a Birtaniya ita ce mai ƙona itace ya sa a share aƙalla sau biyu a shekara, kafin sanyi ya shigo da kuma bayan an sha amfani da murhu. Mai ƙona kwal marar hayaƙi, sau ɗaya. A Amurka ƙa'idar ƙungiyar kariya daga gobara ta ce a duba kowane bututu sau ɗaya a shekara, ko ana yawan amfani da shi ko ba a yi. A Faransa sharar tilas ce a doka. A Jamus kuwa kowane yanki yana da jami'insa da doka ta ba ikon shiga gida ya duba, har jama'a suna ɗaukar haɗuwa da mai sharar bututu a matsayin sa'a.

Sana'ar tana da tarihi mai ɗaci, kuma ya kamata a san shi. A ƙarni na 18 da na 19, ƙananan yara marayu da 'ya'yan talakawa ake turawa su hau cikin bututu a Ingila, wani faɗinsa bai wuce inci 9 ba. Wasu sukan maƙale su mutu a ciki. A 1775 likita Percivall Pott na Landan ya lura cewa ciwon dajin fatar maraina ya yi yawa a tsakanin masu wannan aiki, ya kuma danganta shi da kunkunniya. Wannan na daga cikin karon farko da aka haɗa ciwon daji da sana'ar mutum. George Smart ya ƙirƙiro burushi mai sanduna a 1803, amma masu gidaje da iyayen gidan yaran suka yi ta jan ƙafa, domin yaro ya fi arha. Sai a 1875, bayan mutuwar wani yaro George Brewster a bututun wani asibiti kusa da Cambridge, majalisa ta yi dokar da ta kawo ƙarshen abin.

Mai shara na yau yana rufe bakin murhu, ya kunna injin zuƙe ƙura, ya riƙa ƙara sanduna har burushi ya leƙo ta saman tukunya. Nagari ba ya tsayawa nan. Zai kunna ɗan abin hayaƙi ya ga ko bututu yana ja, ya duba tsaga, wani har da kyamara, sannan ya ba ka takardar shaida. Ka adana ta, domin kamfanin inshora yana iya nema idan gobara ta auku. Ana sayar da burushi da sanduna a kasuwa, amma a ganina baƙon da bai san ginin ba bai kamata ya fara da kansa ba. Sharar ba ita ce mai wuya ba, gane ɓarna shi ne aikin. Ɗan haya kuma ya tambayi mai gida tukuna, ko murhun yana aiki da kuma ranar da aka yi sharar ƙarshe, saboda wasu an toshe su daga sama shekaru da yawa.

Ɗanyen itace shi ne tushen matsalar

Itacen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ka sa shi a wuta, sai zafin ya ƙare wajen ƙafar da ruwan, hayaƙi ya yi kauri ya yi sanyi, kwalta ta taru da sauri. Abin da ake so shi ne danshinsa ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu a faskare, a jere a inda iska ke ratsawa, ruwan sama ba ya dukansa. Busasshe yana da tsage-tsage a bakinsa, ba shi da nauyi, idan ka buga biyu sai su yi ƙara tas. Tun watan Mayun 2021 Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗauri. Katako mai fenti, da roba, da shara, babu ɗayansu da ya dace da murhu. A birane da yawa ma an hana fitar da hayaƙi daga bututu, dokar da ta samo asali daga hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952. Sai ka bincika da ƙaramar hukumarka kafin ka sayi ko ɗauri ɗaya.

Gubar da ba ta da wari

Gobara tana sanar da kanta. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa daga duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau 200 da wani abu. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, waɗanda mutum zai ɗauka mura ce. Idan mutanen gida duka suna fama a lokaci guda, kuma suna samun sauƙi da sun fita waje, to a zargi murhu. Mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji komai.

Ita ce dai gubar da ke cinye rayuka a wajenmu da hunturu, idan aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga, ko aka kunna janareta a cikin gida. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ba ta da tsada, kuma tun 2015 doka ta wajabta wa masu ba da haya a Ingila su sa ta a duk ɗakin da ake ƙona itace ko kwal. Idan babu a naka, ka nema, haƙƙinka ne.

Idan bututu ya kama

Za ka ji rugugi a cikin bango, ko ƙarar tartsatsi, maƙwabta kuma su ga baƙin hayaƙi da wuta suna fita ta tukunya. Ka fitar da kowa, ka rufe ƙofar ɗakin, ka kira 'yan kwana-kwana: 999 a Birtaniya, 112 a Turai, 911 a Amurka. Ko wutar ta mutu da kanta, kada a sake hurawa sai an duba, domin tsagar da ta bari tana nan.

Toka ma tana riƙe garwashi kwana biyu zuwa uku. A kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye a waje nesa da bango da kwandon shara. Ragar tare tartsatsi kuma ta zauna a gaban murhu muddin da wuta a ciki, musamman a gidan da ke da yara masu rarrafe.