Yadda Ake Zaɓen Man Giyar Aksul Mai Kullewa

A aksul ɗin baya na babbar mota akwai wasu haƙoran ƙarfe da ke ba tayoyi biyu damar juyawa da gudu daban-daban a lokacin shan kwana. Mai kullewa kuwa shi ne wanda ke haɗe tayoyin su juya tare idan mota ta shiga taɓo ko yashi. Man giya ne ke hana haƙoran nan cin juna.

Abu na farko da mai mota zai duba a jikin galan shi ne ajin man. Aksul yana buƙatar GL-5, domin yana da sinadaran jure matsi mai tsanani. Shi GL-4 an fi zuba shi a akwatin giya.

Na biyu shi ne kauri. Ana yawan amfani da 80W-90 ko 75W-90, amma 85W-140 ya fi kauri, don haka akan zaɓe shi ga motar da ke jan kaya masu nauyi cikin zafi.

Na uku shi ne sinadarin ƙara santsi. Aksul mai faifan kuloci, wanda ke rage zamewar taya kawai, yana son sa. Amma irin G80 na kamfanin Eaton, da ke cikin a-kori-kurar Chevrolet, ba a ƙara masa, don yakan hana shi kamawa da kyau.

Saboda haka, kafin bakanike ya zuba mai, a duba littafin motar. Kuɗin galan ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon aksul ba.