Alamomin Girka da Rum a Zane-zanen da Aka Buga a Turai

Bayan da aka fara tono biranen Hakulaniyam a 1738 da Fomfe a 1748, waɗanda aman wutar dutse ya binne a kudancin Italiya, masu zane a Turai sun koma ga fasahar Girka da Rum ta dā. Abin da ya fi yaɗa salon shi ne sassaƙa zane a farantin jan ƙarfe, a shafa masa tawada, a danna a takarda, ta yadda zane guda zai shiga hannun mutane da yawa.

A cikin waɗannan zane-zane, kowace alama da saƙonta. Kambin ganye yana nuna nasara, tocilan wuta da aka kifa ƙasa yana nufin mutuwa, mujiya kuwa, wadda Bahaushe ke ƙyama, tana wakiltar hikimar gunkiya Atina. Kango ma alama ce, kuma mai zane Piranesi, wanda ya rasu a 1778, ya ƙware wajen zana shi, domin yakan zana 'yan ƙananan mutane a gindin manyan ginshiƙan da suka rushe, har mai kallo ya ji girman daular da ta shuɗe da kuma ƙarewar kowane mulki. Zanensa na birnin Rum ya cancanci nazari har yau.