Kafin ka sayi na'ura mai wayo, duba rufin ɗakinka

A bazarar 2024, lokacin da zafi ya kai intaha a ƙasashen Sahel har garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu, ƙanina da ke aiki a Turai ya aiko mini da wata ƴar na'ura wadda ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ya ce in kai ta Gagarawa Tasha a liƙa a bangon ɗakin da muka gina wa mahaifiyarmu, domin ita za ta riƙa kunna kwandishan tana kashewa da kanta, shi kuma daga can zai riƙa duba zafin ɗakin a wayarsa. Na yi murna, na yi godiya, na ɗauki mai gyara daga Gumel muka kama hanya.

Mai gyaran ya juya na'urar ya sake juyawa, ya dubi kwandishan ɗin da ke manne a bango, sannan ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba su san juna ba." Hajiya kuwa ba ta ma cikin ɗakin. Mun same ta a tsohon soron ƙasa da marigayi mahaifinmu ya bari, ta shimfiɗa tabarma kusa da randa tana jan carbi. Da na tambaye ta dalilin da ya sa ta ƙaurace wa sabon ɗaki, sai ta ce, "Kai ɗan nan, in an ɗauke wuta ɗakin naku tanda ne. Nan kuwa da wuta da babu duk ɗaya."

Wannan magana ce ta sa na zauna na binciki abin da na ɗauko ban sani ba, kuma ina ganin ya kamata in faɗa wa ƴan uwana ma'aikata da ƴan kasuwa waɗanda ke gina wa iyayensu gidaje a garuruwansu, tun kafin su zubar da kuɗinsu kamar yadda muka zubar.

Na'urar da ake kira tamostat ba sabuwa ba ce. Tun a 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar wadda ke aiki da lantarki. Aikinta ɗaya ne: ta auna zafin ɗaki, idan ya kai inda aka ce mata sai ta tsayar da injin, idan ya kauce ta sake tayar da shi. Kowane kwandishan da ke gidajenmu yana da irinta a cikinsa, ita ce muke ba umarni da rimot. Abin da ya ƙaru a zamanin nan shi ne wayo. A 2011 kamfanin Nest ya fito da wadda ke haɗe da intanet, tana lura da lokacin fitar mai gida da dawowarsa, ta tsara wa kanta jadawali. Kasuwarta ta buɗe har Google ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 3.2 a 2014.

To amma an ƙera irin waɗannan ne domin gidajen da injin guda ke ɗumama ko sanyaya dukkan ɗakuna, kuma da waya ake haɗa su da injin ta cikin bango. Mu kuwa kowane ɗaki da nasa kwandishan, kuma ba ya jin maganar kowa sai ta rimot. Wanda ya nace sai ya sarrafa nasa daga wayar salula, abin da zai nema shi ne ƙaramar na'urar da ke kwaikwayon rimot, ko kuma ya sayi kwandishan ɗin da aka ƙera da wannan fasaha tun daga masana'anta. Wannan ita ce tambaya ta farko ga mai saye: shin na'urar ta san injin da ke gidana?

Tambaya ta biyu ita ce ta wuta da intanet. Na'ura mai wayo tana zaton lantarki na nan dare da rana. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa akasarin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Ko a ranakun da ba a shiga irin wannan hali ba, mazaunin Gagarawa ko Maigatari ko Sule Tankarkar ya san wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi. Don haka sai a tambayi mai sayarwa: idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, injin zai tashi a kan umarnin da aka bar masa, ko sai an sake saita shi? Idan babu intanet, dattijuwa za ta iya danna maɓalli ta kunna abinta? Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ko a ƙasashen da aka ƙera na'urorin, a watan Oktoban 2025 Google ya daina tallafa wa samfuran Nest na farko da na biyu, masu su suka wayi gari ba sa iya sarrafa su daga waya. Wayon da ke hannun wani kamfani a wata nahiya aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Tambaya ta uku ta kuɗi ce. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit guda zuwa Naira 225 ga ƴan rukunin farko, waɗanda aka yi wa alƙawarin sa'a 20 a rana. Matsakaicin kwandishan na ɗakin kwana yana iya cin abin da ya kusa yunit goma idan ya yi sa'a takwas bai huta ba. A wancan farashi, sama da Naira 2,000 ke nan a dare guda, fiye da Naira 60,000 a wata, a ɗaki ɗaya tak. Wanda ke kan janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san abin da yake ji a aljihunsa.

A nan ne za a ga cewa babban tanadin ba a shagon kayan lantarki yake ba, a yatsan mai riƙe da rimot yake. Da yawanmu da mun shiga ɗaki sai mu danna 16, muna zaton sanyi zai fi saurin zuwa. Abin da muka yi kawai shi ne mun ba injin aikin da ba zai iya gamawa ba, don haka ba zai huta ba har gari ya waye, mu kuma mu ja bargo a tsakiyar bazara. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kimanin kashi 6 cikin 100 na wutar da ake sha, shi ya sa daga 2020 ta wajabta cewa sababbin na'urori su fito a saite kan 24. Japan kuwa tun 2005 ta buƙaci ofisoshi su tsaya a kan 28, ma'aikata su ajiye kwat da laktaye. Wanda ya saita nasa a kan 25 ko 26, ya haɗa da fanka, ya yi amfani da agogon kashewa da ke jikin rimot ɗinsa, ya riga ya samu mafi yawan abin da na'ura mai wayo za ta yi masa, bai kashe ko kwabo ba.

Sai dai duk wannan bai amsa maganar Hajiya ba. Da na koma na dubi ɗakin da muka gina mata da idon basira, sai na ga laifinmu ƙarara: bulon siminti mai rami, rufin kwano, silin mara kauri, babbar tagar gilashi tana fuskantar yamma, kuma mun sare darbejiyar da ke wurin domin a samu inda za a ajiye mota. Sanyaya irin wannan ɗaki zuba ruwa ne a kwando. Soron ƙasa kuwa bangonsa na da kauri, yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya raba. Da hunturu, lokacin da jaura ke kaɗawa daga arewa, wannan ɗumin da bango ya adana shi ke hana mutum shiga da kaskon garwashi ya rufe ƙofa, al'adar da hayaƙinta marar wari ke kashe mutane cikin barci, ban da gobara. Akasarin kwandishan da ke kasuwanninmu sanyi kaɗai suke yi, ba su da abin da za su tsinana wa tsoho a watan Janairu.

Ba ina cewa mu koma zamanin da ba ne. Ina cewa ilimin yana nan kusa da mu, kuma duniya ta yaba masa. Muhammad Bah Abba, malami a Dutse, ya saka tukunya cikin tukunya ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka daɗe ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. Ya karɓi lambar yabo ta Rolex a 2000. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina masallaci da ɗakin karatu da bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ɗaga rufin makarantar ƙauyensu Gando sama da silin domin iska ta ratsa, ya samu babbar lambar masu zanen gine-gine ta Pritzker a 2022.

Shawarata ga mai niyyar kashe kuɗi ita ce ya bi abin daki-daki. Ya fara da inuwa: bishiya da rumfa a ɓangaren yamma. Ya shafa wa kwanon farin fenti, ya sa silin mai kauri, ya bar wa iskar da ke tsakaninsu mafita. Ya toshe kafofin ƙofa da taga. Daga nan ya sayi kwandishan mai inbata daidai girman ɗakin, wanda ke rage gudu maimakon tsayawa da tashi, kuma shi ya fi dacewa da sola. Na'ura mai wayo ita ce ta ƙarshe, kuma ta fi amfani a ofis ko asibiti ko masauki, inda ake barin injina suna aiki babu kowa a ɗaki.

Mu dai mun yi wa rufin Hajiya fenti, mun canza silin, mun kafa rumfar zana a bakin tagar yamma, mun dasa darbejiya biyu waɗanda take ba ruwan alwalarta. Yanzu takan kwana a sabon ɗakin, amma har gobe da azahar tana soronta. Na'urar ƙanina kuwa tana cikin kwalinta a durowata. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon kyautata wa iyayenmu ta hanyar da za ta amfane su.