Saukar Uwar Zumunta: Yadda Ake Miƙa Ragama a Zumuntar Mata

Zumuntar Mata ita ce ƙungiyar matan aure da gwauraye da ake samu a kusan kowace ikilisiyar da ke sujada da Hausa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, tun daga ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954 bayan aikin mishan na SIM, da COCIN mai hedikwata a Jos, har zuwa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aka soma aikinta a Garkida a 1923. Jama'a sun fi sanin matan da zanensu iri ɗaya da waƙoƙin da suke rerawa da kiɗan tulu da caki, amma yawancin aikinsu ba ya bayyana a gaban majami'a, domin su ne masu dubiya a asibiti, masu girki a gidan biki da gidan makoki, masu tara hatsi saboda marayu, kuma masu fita bishara ƙauyuka. Shugabar da ke riƙe da wannan aiki, wadda ake kira Uwar Zumunta a wurare da dama, zaɓenta ake yi, ba a biyanta ko kwabo, kuma tana da wa'adi, wato adadin shekarun da tsarin ikilisiyarta ya ƙayyade kafin a sake zaɓe. Ana yawan yi wa mata huɗuba game da karɓar wannan nauyi, amma ba kasafai ake koya musu yadda ake sauke shi ba, alhali a wajen saukar ne zumunta take yawan samun rauni.

Abu na farko da ke gwada mai sauka shi ne kuɗi. Asusun zumunta yana tattara gudummawar membobi, da baiko, wato kyautar da ake bayarwa lokacin sujada, da kuɗin zane, wani lokaci har da adashe ko ribar gonar da matan suka noma tare, kuma da yake yawancin wannan kuɗi hannu da hannu yake shiga ya fita, rubutunsa yakan zama rabi a littafin ma'aji, rabi a ƙwaƙwalwar shugaba. Ya wajaba, tun watanni kafin zaɓe, shugaba da ma'aji da magatakarda su zauna su daidaita lissafi, su rubuta bashin da ake bin zumunta da wanda take bin wasu, su ƙirga kujeru da tukwane da kayan kiɗa, sannan a karanta wannan rahoto a gaban dukan mata. Wasu na ganin neman lissafi kamar tuhuma ce ga dattijuwar da ta yi hidima kyauta, kuma wannan kunya, ko da yake daga ladabi ta fito, ta rufe ɓarna da yawa, ta kuma bar masu gaskiya cikin zargin da ba za su iya wankewa ba. A babi na 12 na littafin Sama'ila na fari, annabin da kansa ne ya tsaya gaban Isra'ilawa ya nemi duk wanda ya zalunta ko ya karɓe wa dukiya ya faɗa, tun kafin kowa ya tambaye shi.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin kowane littafi. Uwar Zumunta ta san gwauruwar da ba za ta taɓa roƙo ba ko da yunwa za ta kashe ta, ta san auren da aka sulhunta da ƙyar, ta san wadda ta daina zuwa taro saboda wata magana da aka faɗa mata. Wani ɓangare na wannan sani dole ne ya wuce zuwa hannun magajiyarta domin kada taimako ya yanke, wani kuma sirri ne da aka ba ta amana, wanda bai halatta ya fita daga bakinta ba ko bayan ta sauka. Abin da ya faru a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi har shugabannin suka koma Jos na wani lokaci, membobi kuma suka warwatsu, ya nuna haɗarin barin sunayen mabukata da lissafin ƙungiya a hannun mutum ɗaya.

Horar da masu tasowa aikin dukan wa'adi ne, ba na makon ƙarshe ba, kuma bai ba shugaba izinin ɗora 'yar ɗakinta a kan kujera ba, domin zaɓe haƙƙin membobi ne.

Mafi wuya duka ita ce shekarar da ke biye da sauka. Matan da suka saba za su ci gaba da kiran tsohuwar shugaba Mama, suna sallama a ƙofarta da ƙorafin da ya kamata su kai wa sabuwar shugaba, musamman idan sabuwar ta girme wa 'yarta da kaɗan ne kawai, kuma idan tsohuwar ta saurara ta yanke hukunci, zumunta ta zama mai kai biyu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Abin da ya dace shi ne ta mayar da su wurin da ya kamata cikin taushin murya, ta ci gaba da halartar taro tana zaune cikin sahu, tana biyan gudummawarta kamar kowa, ta ba da shawara a keɓe idan an nema. Wasiƙar Bulus zuwa ga Titus ta ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana, kuma wannan hidima ba ta buƙatar muƙami.

Fastoci da dattawan ikilisiya suna da nasu haƙƙin a nan. Ya kamata su keɓe rana guda ta Lahadi da za a miƙa littattafai da makullai a gaban jama'a, a gode wa mai sauka da sunanta, a yi wa sabuwar addu'a, sannan su daina kai maganar zumunta wurin tsohuwar shugaba daga wannan rana.