Ina Muryar Ɗan Maraya Jos Take A Yau?

Ran 20 ga watan Yuni na 2015 ne Allah Ya yi wa Alhaji Adamu Wayya rasuwa a Jos, watau mutumin nan da duniya ta sani da sunan Ɗan Maraya Jos. Aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa, 'yan ta'aziyya suka watse. Allah Ya jiƙansa da rahama. To, abin da ya rage mana nasa shi ne muryar da aka ɗauka a faifai da kaset. Wani sashi na wannan gado kuwa yana nan Kurmi tare da mu, cikin akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin gadaje a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun da Shagamu da Fatakwal, a hannun mutanen da suka taho da shi tun zuwansu na fari don ya ɗebe musu kewar gida. Masu irin waɗannan akwatuna su nake so mu yi magana da su yau.

Bari mu fara da Turawa, don a ga inda muka bambanta. Suna da wani irin kiɗa da suka ɗauka shi ne na ƙoli, wanda ake zama a saurara tsit, ba rawa ba liƙi. Mazauna Ikko suna iya ganin irinsa a zauren MUSON da ke Onikan. Ɗaya daga cikin manyan gwanayensa shi ne Beethoven, Bajamushe, wanda ya mutu a 1827, shekara 50 cif kafin Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a 1877. Ba wani mai rai da ya taɓa jin kiɗan hannunsa. Amma da yake suna da hanyar rubuta kiɗa a takarda, sauti bayan sauti, har gobe makaɗa suna buɗe takardunsa su kaɗa abin da ya tsara.

Mu ma muna da namu na ƙoli. Muna da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Ɗan Anace, da Mamman Shata Katsina, da shi Ɗan Maraya. Sai dai kiɗan kotso da taushi da kalangu da kuntigi ba a takarda ake koyonsa ba. Malaman jami'a sun rubuta baitocin waƙoƙi da yawa, Allah Ya saka musu, amma takarda ba ta iya riƙe yadda Narambaɗa ke jan murya, ko yadda 'yan amshin Ɗanƙwairo ke karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa. Idan faifai ya fashe, kuma babu wani irinsa a wani wuri, shi ke nan, waƙar ta bi mai ita.

Akwai kuma abu na biyu. Masu tara fayafayan Turawa sukan sayi kiɗa guda sau biyar ko sau goma, domin kowane shugaban makaɗa da yadda yake bi da shi. Wani mai suna Karajan ma sau huɗu yana ɗaukar manyan kaɗe-kaɗen Beethoven guda tara a faifai, tsakanin shekarun 1950 da na 1980, kuma masoyansa suna ta gardama a kan wanne ya fi. To, wannan gardama mu muka fi cancanta da ita. Makaɗin Hausa ba ya maimaita waƙa kamar karatun allo. Bakandamiyar da Shata ya yi a ɗakin ɗaukar murya daban take da wadda ya yi a gidan biki, domin a can ya ga wani ya sa shi, a nan ya tuna wani gari ya ƙara. Saboda haka wanda yake da kaset ɗin da aka ɗauka da ƙaramar rikoda a wani ajo ko bikin aure, kada ya raina shi don ya ji ana sayar da waƙar a kasuwa. Mai yiwuwa ne abin da ke hannunsa babu shi a ko'ina.

Yanzu mu koma Jos. Kowa ya sani kuza ce ta tara mutane a can. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ta Kafancan a 1927, Hausawa suka yi ta kwarara zuwa Jos da Bukur da Barikin Ladi da Bisichi, wasu lebura, wasu fatauci, wasu dillancin kuzar. Mutum ne ya bar garinsu, ga 'yan sulalla a aljihu, ga sanyin dare, ga kewa. Irin wannan mutum shi ne kasuwar makaɗi, shi ne kuma kasuwar mai sayar da garmaho. Ku da kuke zaune a Kurmi ba sai an yi muku dogon bayani ba, halin da kuke ciki ke nan.

A cikin wannan jama'a aka haifi Ɗan Maraya, a Bukur, a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne. Iyayensa suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi, sunan maraya kuma ya bi shi har kabari. Yana yaro ya yi tafiya Maiduguri, a can ya ga masu kaɗa kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa: gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa ɗan sanda da tsirkiya guda ɗaya tak. Da wannan ɗan abu ya zagaya ƙasashen duniya, ya sami lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Abin da ya raba shi da makaɗan fada shi ne waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota, watau yaron da ke kwana a kan kaya, ya sa wa taya waigi, ya sha zagin direba. Ya yi wa lebura, ya yi a kan mai akwai da babu, ya yi a kan auren dole. A Jawabin Aure da Gulma Wuya shi kaɗai yake zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciya, yana sauya murya kamar mutum uku ne a ɗakin. Ni a ganina wannan ne ya sa muryarsa ta fi ta kowa dacewa da faifai. Ba shi da 'yan amshi, ba taron kalangai da za su danne magana. Mutum ɗaya, tsirkiya ɗaya, kowace kalma tana fita tar, ko da a rediyon mai shayi ne da batir ya kusa mutuwa.

Makaɗan fada ba su sami wannan sauƙi ba. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, abin da fuska ɗaya ke ɗauka bai wuce kamar minti uku ba. Waƙar da ake kwashe rabin sa'a ana yi a ƙofar fada, dole a datse ta ta shiga wannan ɗan wuri. Dogon faifai mai juyi 33 ya fito a Amurka a 1948, yana ɗaukar wajen minti ashirin a kowace fuska, kuma irinsa ne kamfanoni kamar EMI da Decca suka riƙa bugawa a Ikko daga baya. Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, shi ne ya sa kowa ya zama mai ɗaukar murya. Don haka in ka ji tsohuwar waƙa ta yanke ba zato, sau da yawa faifan ne ya ƙare, makaɗin bai gama ba. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, kafin kaset ya zo, shi ya sa abin da ake da shi nasa ɗan kaɗan ne in an gwada da na Ɗanƙwairo da ya kai 1991, ko Shata da ya kai 1999.

Ga wani abin da ya kamata ya dame mu. Wani Ba'amurke masanin al'adu mai suna Stanley Diamond ya zauna cikin Anaguta a gefen Jos, ya ɗauki kaɗe-kaɗensu da na wasu kabilu, kamfanin Folkways ya buga su a faifai a 1966. A 1987 cibiyar Smithsonian ta birnin Washington ta karɓi kayan kamfanin gaba ɗaya, kuma har yau mai so yana iya samun wannan faifai ta intanet, tare da takardar da ke bayanin kowane kiɗa. Haka nan David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga a jerin fayafayan UNESCO, shi da Anthony King kuma suka wallafa littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da baƙo ya ɗauka yana nan da sunansa da shekararsa. Namu fa?

Namu babban rumbunsa shi ne gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, inda makaɗan Arewa suka yi ta zuwa ana ɗaukarsu, sai kuma gidajen rediyon jihohi, har da na Jos. Amma rumbu ɗaya ba ya isar gari. Zaren ɗaukar murya yana da tsada a wancan zamani, gidajen rediyo da yawa a duniya, har da BBC, sun sha goge tsohon shiri su ɗora sabo a kansa. Ga kuma wuta. Babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, rigingimun 2001 da 2008 da 2010 kuma sun ci gidaje da shaguna masu yawa a Jos da Bukur. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin kaset, ba kuwa mai ganin laifinsa.

Wani zai ce, ai duk waƙoƙin nan suna cikin waya, ka ba yaro 'yan kuɗi a bakin tasha ya tura maka ɗari biyu a ɗan katin ajiya. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan, domin ta haka ne 'ya'yanmu da aka haifa a Mushin suka san akwai wani Ɗan Anace. Amma ku duba abin da ake tura muku. An matse sautin har kalangu ya koma kamar ana buga faranti. An yanke farkon waƙa inda makaɗi ke faɗin wanda ya yi wa. Babu shekara, babu wuri, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar wani sunan wani. Tsohon faifai kuwa yana da takarda a tsakiyarsa mai sunan makaɗi da na kamfani da lamba, jakarsa kuma tana da hoto. Wannan takarda ita ce shaidar haihuwar waƙa, kada a yar da ita ko da ta yage.

Babban abokin gaban waɗannan kaya a nan Kurmi shi ne raɓa da zafi. Jos tana bisa tudu, sama da mita 1,200, ga sanyi ga busasshiyar iska rabin shekara, kaya sukan daɗe. A Ikko ko Fatakwal kuwa damina ɗaya ta isa ta sa zaren kaset ya yi fumfuna ya manne. Saboda haka a fitar da akwatin daga ƙarƙashin gado, a ɗora shi bisa, nesa da bango mai jiƙa da kwanon rufi. Fayafayi a tsaye ake jera su kamar littattafai, in an kwantar da su an tula sai su lanƙwashe ko su tsage. Tsohon faifan garmaho mai nauyi kada a kuskura a goge shi da sifirit, narkar da shi yake yi, ƙyalle mai laushi ya isa. Allurar ƙarfe ta garmaho ana sauya ta bayan kowace fuska, kuma ba a ɗora ta a kan dogon faifai na roba, nan take za ta huɗe shi kamar garma. Kaset a ɓalle ɗan haƙorin da ke samansa don kada yara su ɗauki wani abu a kai, a kuma nisanta shi daga lasifika saboda maganaɗisun da ke ciki. Wanda ya shekara ashirin ba a kunna ba, a fara juya shi da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe kafin a sa shi a rikoda.

Sa'an nan a saurara. A da, in an sa faifai a zaure, hira tsayawa take yi, in ya ƙare a juya, in wani zambo ya wuce dattijo ya bayyana wa yara da wa ake. Rabin daɗin waƙar fada yana cikin wannan bayani, don wanda bai san tarihin Gobir da Zamfara ba zai ji Narambaɗa ne kawai kamar mai jera sunaye. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna nan a zangunanmu, amma suna raguwa kowace shekara. In za a kunna tsohon kaset, a kira ɗaya daga cikinsu, a ba shi shayi, a sa yaro ya riƙe biro da takarda.

Daga nan sai a nemi mai kwamfuta ya juye kaset ɗin yadda yake, ba tare da yanke kome ba, har da surutun jama'a da guɗar mata. A rubuta sunan makaɗi, da garin da aka ɗauka, da bikin wane ne, da shekarar in an tuna. A riƙe kwafi ɗaya, a aika da ɗaya gida, na uku kuma a ba ɗalibin da zai kai sashen Hausa na Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, inda ake nazarin waɗannan waƙoƙi. Shi kuma ainihin kaset ɗin a mayar da shi cikin kwalinsa a ajiye.