Kada Ku Bar Wa Gara Rubutun Kakanni

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zancenmu a kan tsofaffin takardun nan ne da ke kwance cikin gafaka da adaka a gidajenmu na Katsina, waɗanda wasunmu ke ɗauka tarkace ne.

Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Jajis ɗinta, watau matan da ta naɗa wa malfa, su ke kai karatun ƙauyuka ga 'Yan Taru. To, da me muka san aikinta yau? Da kwafi. Ɗan'uwanta Isa ya mai da wasu waƙoƙinta Hausa, malamai suka yi ta kwafa da alƙalami, zuriyarta suka adana. Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda jininta ne, shi ya buɗe wa wata Baturiya, Jean Boyd, taskarsa. Ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan, aka buga su littafi guda a Amurka a 1997.

Amma kwafi amana ne, ga misali daga can Amurka ɗin. Akwai wata mawaƙiya, Emily Dickinson, wadda ta rasu a 1886. Bayan rasuwarta ƙanwarta ta tarar da waƙoƙi jibge. Duka abin da ta bari ya kusa 1,800, wasu ta ɗinke su da zare ƙananan littattafai kamar 40. Waɗanda suka fara buga su a 1890 sai suka ga wai a gyara mata. Suka sake wasu kalmomi, suka sa wa waƙoƙin sunayen da ba ita ta sa ba. Sai a 1955 aka koma ga rubutun hannunta aka fito da su kusa da yadda ta bar su. Kun ga gyaran gangar auzinawa: shekara 65 ana karanta abin da ba daidai da nata ba.

Saboda haka in kun sami irin takardun nan a gida, ga shawara. Da fari ku nemi izinin manya. Ku wanke hannu, ku shanya tabarma mai tsabta nesa da ruwa da yara. Littattafanmu na dā ba a ɗinke su ke ba, don haka kada ku hargitsa warƙoƙin. A ƙasan shafi za ku ga kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce farkon shafi na gaba, da ita a ke gane jeri. Kada ku sa biro ko gam a kan asalin.

Wadda ta iya ajami ta kwafa a littafi dabam, baƙi da wasali, yadda ta gani. Kalmar da ba ki gane ba, ki bar ta yadda ta ke, ki tambayi gwaggo ko malam. Inda gara ta ci, ki bar fili, kada ki cike da kanki. Sa'an nan ki rubuta da boko a gefe, da sunan mai takardar da ranar da kika kwafa. Mai waya ta ɗauki hoton kowane shafi.

Wa ya sani, ko a ɗakin kakarki akwai waƙar wata malama da ba a taɓa jin sunanta ba? Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.