Motar da Ke Rikiɗa Mutum

Ya ku malamai da fatake, ku sani cikin kayan wasan yara da kan zo a dilar gwanjo akwai wata irin mota wadda in an warware ta sai ta miƙe tsaye da siffar mutum. Asalinta Japan ne. Kamfanin Takara ya fito da ita a 1980 da sunan Diaclone, a 1984 kuma Hasbro na Amurka ya shiga sayar da ita da sunan Transformers.

Sabuwa takan zo da takardar bayani, amma ta gwanjo takardar ta daɗe da ɓata. Mai ita sai ya zama tamkar almajirin da aka miƙa wa littafi ba wasali, dole ya karanto ma'ana daga jikin baƙaƙe. To, maƙerin bai bar shi a duhu ba. Duk inda ka ga tsaga siririya, gaɓa ce. Inda kan ƙusa ya leƙo, nan ake lanƙwasawa. Dubi babbar motar nan ja, Optimus Prime: bayanta shi ne ƙafafu, hannuwa na naɗe a gefe, gilashin gaba shi ne ƙirji. Abin mamaki, ƙarfe ɗaya na aiki biyu, bai ɓata ko ɗaya ba.

In gaɓa ta cije, kada a tilasta, wata ce ta tare ta, ita za a fara buɗewa. Ɗan kasuwan da ya sa ƙarfi ya ɓalle hannu, kayan ya faɗi kuɗi ke nan.